Baƙar Rigar Faransa da Butar Gahawa

Ƙas! Ƙarar da na ji ke nan, 'yar mitsitsiya, kamar ƙwayar wake ta faɗi a kan tayil. Ina cikin ruku'u a lokacin. Kan zif ɗin rigar leshina ne ya tsinke daga gadon bayana, ya sulalo ta ƙarƙashin hijabi, ya gangara ƙarƙashin kujera. Dama gwada rigar nake yi in ga ko har yanzu tana shiga ta. Da ƙyar da addu'a ta shiga, sai aka kira la'asar, na ce bari in ɗora dogon hijabi in yi salla tukuna kafin in fara yaƙin cire ta. Haka na idar da sallar, sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ratsa bayana. Saura kwana huɗu suna, kuma wannan rigar ita ce dukkan shirina.

Ƙanwar maigidana ce ta haihu, haihuwar fari. Su dangin maigidana haifaffun Jidda ne, kakansu ne ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Ni kuwa daga Katsina aka kawo ni, shekarata tara ke nan da zuwa a lokacin, muna zaune a unguwar Nuzla, su suna Hindawiyya. Tsakanina da Allah ba su taɓa zagina ba. Amma surukata, Hajiya, tana da wani kallo. Takan fara daga ɗankwalina ta sauko har takalmi, sannan ta ce "Masha Allah" a hankali, irin wadda ake faɗa in an ga motar da ta yi hatsari amma mutanen ciki sun fito da rai.

Na san inda abin ya samo asali. A bikin ita wannan mai jegon, na je da shigar da za a yi alfahari da ni a Katsina: leshi mai duwatsu wanda in na motsa sai ya yi ƙara kamar ana tankaɗe, da ashoke da aka naɗa mini hawa uku. A mota sai da na karkatar da wuya tun daga Nuzla har zauren biki don kada ya gogi rufi. A ciki kuwa matan da ke bayana suka aiko a roƙe ni in ɗan sunkuya su ga amarya. Daga ƙarshe aka canza mini kujera, aka kai ni can kusa da ƙofar kicin, inda babu kowa a bayana sai bango. Tun daga ranar, duk taron dangi, a wannan yankin nake tsintar kaina. Ba wanda ya taɓa cewa in je can. Kujerar ce kawai ta san ni.

Sai ga shi a wannan karon Hajiya ta kira ni a waya da kanta. "A teburinmu za ki zauna," in ji ta. "Uwar mijin yarinyar nan za ta zo. Babbar mace ce, ba ta son hayaniya. Ki yi shiga da hankali." Ta sake cewa, "Da hankali, kin ji?" Ni a fahimtata hankali shi ne leshin nan ba tare da ashoke ba. Ga shi zif ya ce bai yarda ba.

Na kwashi rigar na haye sama wajen maƙwabciyata, tela ce 'yar Maraɗi, wadda duk gidan muke kira Madam. A Yamai ta koyi ɗinki. Kullum almakashi na rataye a wuyanta da zare, ko burodi za ta sauka saye.

"Zif kawai za ki sa mini, Madam."

Ta ɗaga rigar da hannu biyu, ta yi nishi, ta ajiye. "Maƙwabciya, wannan riga ce ko buhun tsakuwa? Wannan zif ba tsinkewa ya yi ba, tserewa ya yi da ransa."

Na gaya mata zancen Hajiya da teburin. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta tashi ta buɗe ƙofar kabad ɗinta. A ciki an manna wani tsohon hoto marar kala, na wata siririyar Baturiya, baƙar riga a jikinta, farar tsakiya zagaye-zagaye a wuya, ga kuma wani abu tsakanin yatsunta da Madam ta yi sauri ta rufe da babban yatsa.

"Taba ce, Madam?"

"Rigar za ki kalla."

Ta zaunar da ni a kan tarin yadi ta ba ni tarihin matar, kamar yadda malamar ɗinkinsu ta ba su. Bafaranshiya ce, ta daɗe da mutuwa. Uwarta ta rasu tana ƙarama, uban ya kai ta gidan marayu na matan coci ya yi tafiyarsa, a can ta koyi riƙe allura. Ni da ba na iya jin kalmar maraya ido a bushe, tuni na fara sharar hanci da gefen hijabi. Madam ta ce in adana hawayen, labarin bai kai wajen kuka ba. Ta ce a zamanin, matan masu kuɗi na can ɗaure musu ciki ake yi da wata ɗamara mai ƙasusuwa, a ja igiya ta baya har numfashi ya gagara, sannan a ɗora musu hula mai gashin tsuntsu da furanni, wani lokaci ma da tsuntsun kansa.

Na tuna ashokena.

Wannan marainiya, in ji Madam, ita ta zo ta kwashe duk tarkacen. Ta fara da huluna, ta tsige su tas. Ta ɗauko yadi mai laushi, irin wanda a lokacin maza ke yin kayan ciki da shi, ta ɗinka wa manyan mata, suka sa suna godiya. Ta sa wa kayan mata aljihu. Tana iya ɓarke hannun riga sau goma a jikin mutum har sai ta ga ana ɗaga hannu ba abin da ya ja. Almakashinta ma a wuya take rataye shi.

"Ashe a nan kika samo," na ce.

"Wala, ga shi kin gane," in ji Madam, ta shafa almakashinta. "Kuma baƙi, a can, na masu makoki ne da 'yan aikin gida. Ita ta mai da shi kayan ƙasaita."

Da ina da wayo da a wannan jimlar na tsaya. Amma hankalina yana kan aljihu.

"Ta yi aure kuwa?" na tambaya.

"Wannan ba ya cikin darasi."

Na gane akwai shafukan tarihin da ba a karanta wa matar aure, na bar baiwar Allah da Mahaliccinta. Abin da ya zauna mini a rai shi ne, wata marainiya a wata duniya ta ga mata ba sa iya sunkuyawa, ta ji tausayinsu. Ni kuma ga ni, rigata ta hana ni ruku'u.

Washegari muka shiga kasuwar Balad neman yadi. Madam ta zaɓi wani baƙi mai santsi, mai kantin ya ɗauko ma'auni ya ce, "Na abaya?" Madam ta harare shi har sai da ya ba da haƙuri bai san laifinsa ba. Kwana uku ina hawa sama gwaji da hantsi, in 'yata ta tafi makaranta. Madam za ta cika baki da allurai ta ce ta gefen leɓe, "Yi kabbara." In ɗaga hannu. "Yi ruku'u." In sunkuya. "Durƙusa kamar za ki gaida surukarki." In durƙusa. Sau uku tana ɓarke hannun hagu. Da na ce a ɗan watsa duwatsu ko a wuya ne, don kada a ce maigidana ya gaza, ta ce in na sake ambaton dutse za ta mayar mini da yadina. Abu ɗaya na ci nasara a kai: aljihu. Ita tana son ƙanana na ado, ni na ce a zurfafa su yadda hannu zai nutse. Daga ƙarshe ta ara mini tsakiyarta fara ta roba, ta ce ita ma waccan matar ba ta jin kunyar sa ta ƙarya.

Ranar suna na sa rigar na tsaya gaban madubi. Doguwa har ƙasa, hannu har wuyan hannu, baƙa wuluk, ba fure ba zare. Na ɗaura ɗan siririn baƙin mayafi maimakon ashoke. Ban taɓa jin jikina sakayau a kayan biki ba sai ranar. Maigidana ya leƙo ɗaki ya gan ni, fuskarsa ta canza.

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

"Kayan sunan ne."

Ya dube ni, ya dubi agogo, ya zaɓi zaman lafiya. "Yalla, mu je."

Na ɗora abayata a kai kafin 'yata ta fito daga wanka. Shekararta bakwai a lokacin, kuma kwana huɗu tana jin zancen rigar Faransa ba ta gan ta ba. A mota ta dame ni in buɗe mata ko gefe ne, na ce ta bari sai mun shiga.

Taron mata ne zalla, bayan la'asar, a wani zaure da aka kama. Wanda bai san Jidda ba sai in gaya masa yadda ake yi: kowace mace baƙa take zuwa daga titi, a bakin ƙofa ta cire abaya ta miƙa wa mai ajiya, a ba ta lamba, sai ka ga ta fito kamar an kunna fitila. Wadda ta shiga gabana kore da ruwan zinare ta fito. 'Yata kuwa tana hango 'yan'uwanta ta saki hannuna ta ruga ciki. Na cire abayata na miƙa. Mai ajiyar ta karɓa, ta ba ni lamba, ta sake miƙo hannu.

"Da wannan, ya Hajja."

"Wannan riga ce."

"Zafi ake yi a ciki. Cire, ba maza."

"Riga ce. Ta Faransa."

Ta dube ni da tausayi, ta matsa mini hanya.

Mun zo da wuri, Hajiya da mai jego ba su iso ba, tare za su zo da jaririyar. Ina tsaye ina lalube da ido ina teburin dangi yake, sai wata mata mai kuzari ta taho fuu ta damƙi hannuna tana zuba Larabci, wai na makara, wai tun ɗazu baƙi ke zaune. Ta danƙa mini butar gahawa mai dogon baki a hagu, ta jera mini ƙananan kofuna a dama. Sai a lokacin na lura da matan da aka ɗauko don zuba gahawa. Su biyar ne. Kowacce doguwar baƙar riga, ɗan baƙin mayafi, da sarƙa a wuya. Ni ce ta shida, kuma in faɗi gaskiya tawa ta fi tasu zama a kafaɗa.

Larabcina na cefane ne da asibiti, kuma in na rikice shi ne farkon mai guduwa. Na buɗe baki in yi bayani, ba abin da ya fito sai "amma". Kafin in samo kalma ta biyu wata baƙuwa ta ɗago mini yatsa. To, ya zan yi? Mace na neman abin sha, buta na hannuna, taron kuma na danginmu ne. Na ce a raina hidimar baƙi lada ce, in Hajiya ta iso sai in ajiye. Na shiga zagayawa. Rigar kuwa ba ta ba ni kunya ba, ina sunkuyawa ina miƙewa kamar a kicin ɗina. Da na bi ta wajen farantan dabino da ma'amul, waɗannan 'yan cincin masu dabino a ciki, na tuna Madam tana gida ba a gayyace ta ba, na ɗebi rabona na zuba mata a aljihu.

Akwai abin da na daɗe ina riƙe da shi a zuciya game da gahawar ƙasar nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba don kada ya zama gulma. Kofin kansa bai fi a ce murfin kwalba ba, amma ko shi ba sa cikawa. Ɗan ɗigo ne a gindi, kamar maganin ido. Shekara tara ina karɓa ina godiya, ina cewa a raina Allah Ya raba mu da rowa. Ban taɓa zama mai zubawa a taro ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Sai na iso wani tebur a gaba, inda wata tsohuwa take zaune da sanda a gefe, 'ya'yanta mata biyu sun sa ta a tsakiya. Baƙa ce kamar mu, 'yar firit, hannunta na ɗan rawa. Ta miƙo kofi. Na dubi wannan hannu na ji kamar na kakata. Na ce tsohuwa kamar wannan, ta taso tun daga gida, a ba ta abin da bai kai hawaye ba? Wallahi ba da hannuna ba. Na cika mata kofin fal, har yana rawa a baki, na ƙara da murmushi.

Tsohuwar ta dubi kofin. Ta dube ni. Ta ajiye shi a hankali a kan tebur, ta laluɓo sandarta, ta ce wa babbar 'yarta a karɓo mata abayarta.

Ƙaramar 'yar ta miƙe tana tambayata da Larabci wa ya aiko ni in kore su. Shugabar masu gahawa ta iso a guje tana dafe da ƙirji, ta fizge butar, ta faɗa mini a kunne abin da ya kamata wani ya faɗa mini tun shekarar da na sauka daga jirgi. Ashe ɗigon nan girmamawa ne, ma'anarsa ki zauna, mu yi ta ƙara miki. Cikakken kofi kuwa ma'anarsa sha ki tashi, mun gaji da ke.

Daidai nan guɗa ta tashi a ƙofa. Hajiya ce ta shigo, mai jego a bayanta da jaririya. Ta hango tsohuwar a tsaye tana dogara sanda, ta taho da sauri irin wanda ban san ƙafafunta na da shi ba. A nan na gane ko wace ce na kora. Uwar mijin ce. Babbar macen da ba ta son hayaniya.

"Wace ce ta zuba?" in ji Hajiya.

Aka nuna ni. Ta fara kallon nan nata daga sama, bai kai ƙasa ba ya tsaya. Mai jego ce ta yi maganar: "Matar Yaya! Me kike yi da kofuna?"

Na hango kujerata ta kusa da kicin. Har na ga kamar tana matso mini.

Ban san lokacin da na zube a gaban tsohuwar ba, gwiwa biyu a ƙasa, kamar yadda ake yi a gidanmu. Ba abin da ya ɓarke, Allah Ya saka wa Madam. Larabci ya riga ya gudu, sai na yi da Hausa, ko ta ji ko kada ta ji.

"Inna, ki yafe ni don Allah. Ban sani ba. Mu a gidanmu in ka ba tsohuwa rabin kofi, sai uwarka ta mare ka a gaban baƙi. Na ga hannunki ne na tuna kakata."

Tsohuwar ta daɗe tana dubana. Sai ta buɗe baki, wata Hausa ta fito, tsohuwa, mai tsatsa, kamar an buɗe akwatin da aka daɗe ba a taɓa ba.

"Ke... ɗiyar ina?"

"Katsina, Inna."

"Sitti..." ta ce, ta tsaya tana neman kalma, "kakata. Haka take yi. Fal. Har ya zuba. Uwata tana jin kunya, tana ɓoye mata buta in an yi baƙi." Ta koma ta zauna. Ta ce tun da kakar ta rasu ba wanda ya sake cika mata kofi, sai yau, kuma da ta san da wannan niyyar ne da ba ta tashi ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki kofin, hannun ya yi rawarsa, rabin gahawar ya tuntsure mata a cinya.

Na zura hannu a aljihu in zaro hankici. Hankicin ya fito, ya jawo dabinon Madam da ma'amul ɗinta, suka watse a kan kafet a gaban dangi biyu. Ɗaya ya gangara ya tsaya a jikin takalmin Hajiya. Na rufe ido na ce ya Allah, in ƙasa za ta tsage, yanzu ne lokacinta.

Da na buɗe, tsohuwar ba dabinon take kallo ba. Gefen rigata take kallo.

"Aljihu ne?"

"Eh, Inna."

Ta zura hannunta ciki har ya nutse. Ta zagaya ta ɗaya gefen ta sami na biyun. Sai ta jawo kaina ta raɗa mini, rabi Hausa rabi Larabci, cewa waɗannan 'ya'yan nata biyu sun hana ta zaƙi, duk taron da suka je sai sun caje jakarta a mota. "Wa ya ɗinka miki?" Na ce maƙwabciyata ce, amma dabarar ta wata marainiya ce a Faransa. Ta ce Allah Ya yi wa marainiyar nan abin da ya dace da ita, ita dai tana son irinta kafin azumi. Daga baya na roƙi Madam ta yi nata aljihun ƙarami, na dabino uku, kada in ɗauki alhakin ciwon sukarinta.

Ta buga sandarta a kujerar da ke kusa da ita, wadda ƙaramar 'yar ta tashi daga kai. "Nan za ta zauna." Ta dubi Hajiya. "Kuna da irin wannan a gida, kuka ɓoye ta?"

Hajiya ta ƙarasa kallon da ta fara, daga mayafi har takalmi. Ta ce "Masha Allah." Na kasa kunne sosai. Ba irin ta motar hatsari ba ce. Ta zauna a ɗaya gefena, ta sunkuyo kamar za ta gyara mini mayafi, ta ce ƙasa-ƙasa, "Wai don Allah me ya sa kika karɓi butar?"

"Miƙo mini aka yi, Hajiya."

Kafaɗarta ta fara rawa. Ta rufe baki da gefen gyale ta juya kai, amma na gani.

Aka kawo mini jaririyar na riƙe. Wata daga cikin masu baƙar riga ta zo ta ɗiga mini gahawa a gindin kofi, na karɓa da hannu biyu, na nemi gafarar Allah a kan zargin rowa na shekara tara. Na waiwaya bayana, mutane ne tebur-tebur har ƙofa, kuma ba wadda ta aiko in sunkuya.

Ina cikin haka sai ga 'yata ta ratso tsakanin kujeru, baki duk cakulan. Ta dube ni, ta dubi matan da ke kewaye da ni cikin kore da ja da ruwan zinare. Ta hau gefen kujerata, ta kama kunnena da hannu biyu, ta yi raɗar da duk teburin ya ji:

"Mama, halas, shi ke nan, kin samu wuri. Yanzu cire abayar mu ga rigar Faransar."